Ƙwayar Safe da Albarkar Iya

Ko ƙwayar masara ta fi ta girma. Ranar da likita ta miƙo mini katin maganin na farko, sai da na juya shi gaba da baya, na ce a raina, wai wannan ɗan abin ne ake yi mini dogon bayani a kansa? Ni da aka yanke wa nonon hagu, aka yi wata da watanni ana ɗura mini ruwan da ya kwashe gashin kaina har da gira, ban ga abin da ƙwaya ɗaya za ta iya yi mini ba.

Likitar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta ce, "Malama, irin sankarar da aka cire miki tana ci ne daga wani sinadari na jikin mace. Wannan ƙwayar rage shi take yi, don ko da wani ɓurɓushi ya saura, yunwa ta kashe shi. Guda ɗaya kullum da safe, shekara biyar. Kada ki daina sai mun zauna ni da ke." Sannan ta jero abin da zai iya biyo baya: zafi mai tasowa ba gaira ba dalili, ciwon gaɓoɓi, raunin ƙashi, yawan ɓacin rai. Ta ce ba kowa ke samun duka ba. Ta rubuta mini takardar gwajin ƙashi. Na ce to, na cusa ta cikin jaka tsakanin littattafan 'yan aji, can ta zauna har ta yayyage.

Ni dai duka na samu, har da gyara.

Ina koyarwa a wata firamare a Samaru, aji biyar. Wata na biyu da fara sha, ina tsakiyar rubutu a allo, na ji kamar an hura murhu a ƙirjina. Zafin ya hau wuya, ya cika fuska, kafin in kai ƙarshen layi hijabina ya jiƙe sharkaf. Can ya wuce, ya bar ni da rawar sanyi. A yini ɗaya sai ya zo sau takwas, wani lokaci goma. Da safe yatsuna a sandare suke tashi, sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su riƙe alli. In na yi sujada kuwa, tashi sai da dafa bango.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan fushin. Ba zan yi wa ƙwaya ƙazafi ba, tun asali ni ba kanwar lasa ba ce, zuciyar gado gare ni. Sai dai da can takan yi sallama kafin ta shigo, in samu in danne ta. Yanzu sai dai in farga in ga ɓarnar da na riga na yi.

Wata Asabar da damina na hau bas daga Samaru zan je kasuwar Sabon Gari. Ana yayyafi. Daidai Palladan zafin ya taso, na zuge gilashi. Wani mutum da ke bayana, ya sha babbar riga da agogo, ya miƙo hannu ta kan kafaɗata ya rufe, ko uffan bai ce ba. Na buɗe. Ya sake rufewa, hannunsa ya gogi ƙirjina daidai gefen da babu komai sai tsumman da nake cusawa. Ban san lokacin da na juya ba. Na kwaɗa masa lema a ka, hularsa ta faɗi, na ƙara masa a baki, na yi ta ƙarawa har ƙarfen lemar ya lanƙwashe. Mata suna ta "Haba Hajiya, haba Hajiya!" wata daga gaba tana cewa da Turancin kasuwa, "Dis madam don kolo o!" wai na haukace. Direba ya taka birki, aka sauke ni a bakin titi. Na tsaya ruwa yana dukana, kuma wallahi daɗinsa na ji. Sai da zafin ya sauka na ga jini a bakin lemar.

A gida maigidana ne kaɗai ya rage a gabana, yara sun watse, daga mai aure sai mai karatu. Mutum ne mai sanyin hali, ya yi ritaya yana ɗan nomansa a Bomo. Ranar da ya ce, "Miyar nan kamar gishiri ya ɗan yi yawa," na suri kwanon da miyar a ciki na wurga masa. Ya kauce, kwanon ya daki ƙofa, miyar kuka ta gangaro a bango. Ya wanke hannu, ya sa hula, ya tayar da babur. Na san inda ya nufa. Shekara talatin muna tare, bai taɓa kai ƙarata gidanmu ba sai ranar.

Gidanmu yana Sabon Gari, bayan kasuwa. Mahaifiyata, Iya, ta haura saba'in, amma har lokacin in ta riƙe mutum sai ya san an riƙe shi. Sana'arta wankan jego. Rabin matan unguwar, Hausawa da Yarabawa da sauran ƙabilu, ita ta fyaɗa musu ganyen darbejiya da tafasasshen ruwa bayan haihuwa. A wurin Iya cuta ɗaya ce a duniya, sanyi, maganinta kuma wuta. In mai jego ta yi ihu ta ce ta ƙone, sai Iya ta ce to yanzu ya fara shiga. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane. Ko da aka yi mini aiki, ƙannena ta riƙa turowa da kunu har bakin gado, ita tana tsaye a ƙofar ɗakin tana yi wa mai shara faɗa. Hannunta bai taɓa sauka a jikina ba sai don duka ko don wanka. Na san sarai duka biyun so ne, amma so ne mai ciwo.

Washegari da hantsi ta iso a keke mai ƙafa uku, da ƙullin ganye, da kwalbar man shanu, da tsohuwar tukunyarta ta ƙarfe. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke, miƙo hannun nan."

Ta lallatsa gaɓoɓin yatsuna, na yi 'yar ƙara.

"Sanyi ne ya ci ƙashinki. Sun yanka ki, sun ɗura maki ruwan sanyi wata shida, ba wanda ya gasa ki. Me kike so ya faru?"

"Iya, ba sanyi ba ne. Ni zafi ma nake ji. Maganin da nake sha ne."

"To maganin da ke sa ciwo, uban wa ya ce ki sha?"

"In na daina, ciwon zai iya dawowa."

"Zai iya. Allah ne ya faɗa masu?"

Za a ce me ya sa na yarda ta gasa ni, ni da na yi boko har nake koya wa 'ya'yan mutane kimiyya. Na yarda ne don ban taɓa ce wa Iya a'a ba. Kuma in zan faɗi gaskiya, tun jegon autana, shekara ashirin ke nan, rabon da hannunta ya taɓa ni, ina kewarsa. Abu ɗaya kawai na tsaya a kai, na ce kada ta taɓa hannun hagu, don likita ta hana a gasa shi ko a matsa shi tun da aka yi aikin. Ta ja tsaki, ta ce in ji da shi.

Kwana uku ta yi tana abu ɗaya. Ta tafasa ruwa har ya yi ta tsalle a tukunya, ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunno a banɗaki, ta tsoma ganye ta fyaɗa mini a baya, a cinya, a gwiwa. Ana cikin haka zafin cikin jikina shi ma ya taso, wuta ciki wuta waje. Rana ta biyu na yi amai, na ga duhu-duhu. Iya ta ce sanyin ne ke fita, ta ɗura mini kunun kanwa mai turiri. Fatar bayana ta yi ja, ta ɗuri ruwa a wurare biyu. Na cije baki, ban yi kuka ba, don na san kuka ƙara mata ƙarfi yake yi.

Rana ta uku bayan wanka ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta shafe hannuna na dama da man shanu, ta shiga jan yatsu ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya yi ƙara. Sannan ta zo wuyan hannu. Ta tokare ƙafarta a cinyata, ta riƙe damtsena da hannu ɗaya, tafina da ɗayan. Haka ta yi wa mata ba adadi, ba wadda ta taɓa cewa komai sai godiya.

"Iya, a hankali."

"Yi mani shiru. A nan ya taru."

Ta murɗa ta fizga. Na ji ƙas, irin ƙarar karan dawa in an taka shi. Na duba, na ga hannuna ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Ihun ma bai fito ba, numfashina ya tsaya.

Iya ba ta saki ba. Ta ce, "Gocewa ce, tsaya in mayar da shi." Ta sake ja.

A nan hannuna na hagu ya tashi. Ba mari ba ne, a dunƙule yake, kuma da dukkan ƙarfina. Ya same ta a baki. Ta tafi da baya, ƙeyarta ta daki tukunyar ƙarfen, ɗankwalinta ya zame, furfurarta ta bayyana. Cikin 'yan haƙoran da suka rage mata, ɗaya ya faɗo kan zanenta, jini ya bi shi. Maigidana ya fito da gudu yana salati, ya tsaya tsakaninmu bai san wadda zai fara kamawa ba.

Iya ta tashi zaune da kanta. Ba ta dubi fuskata ba, hannun ta duba.

"Da hagu," ta ce.

Ta ɗaura ɗankwalinta, ta tofar da jini a gindin bango, ta fita. Ko tukunyarta ba ta ɗauka ba.

A asibiti aka gyara ƙashin aka sa mini siminti har gwiwar hannu. Aka kuma yi gwajin nan da na yi shekara ina ɗagawa. Likitata ta nuna mini sakamakon, ta ce ƙashina ya yi shara-shara, irin na wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ko faɗuwa na yi a banɗaki zai iya karyewa. Ba ta yi mini gori ba, ta dai ce da an gani tun bara da an tare shi. Na kwashe komai na faɗa mata, har mutumin bas, har Iya. Ta ce za ta canja mini wata ƙwayar mai aiki iri ɗaya, don wani jikin ya fi shiri da wata. Ta haɗa mini da maganin ƙarfafa ƙashi, ta ce in riƙa tafiyar ƙafa kullum. Ta ce dainawa dai ba ta ba ni shawara.

Na ce, "Likita, ki faɗa mini tsakani da Allah. Maganin ne ya doke ta, ko ni ce?"

Ta ce wannan ba ta da na'urar da ke auna shi.

Bayan mako biyu na tafi Sabon Gari da hannu rataye a wuya. Labari ya riga ni isa. Matan gidan da ke tsakar gida suna tsince shinkafa kowa ta sunkuyar da kai, ƙanwata ta amsa gaisuwata da hanci. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Iya tun hantsi, gwiwoyina suna ci kamar an zuba musu barkono. Sai da aka kira azahar ta ce in shigo. Leɓenta bai gama saɓewa ba.

Ta ce, "Na karya ki, wannan nawa ne, ni da Allah. Amma ni na haife ki. Zuciyarki irin tawa ce, na sani, sai dai shekara hamsin hannunki bai taɓa tashi ba. Abin nan da kike haɗiya, shi ya cinye ƙashin, shi ya ɗaga hannun. Ki zubar da shi, in yafe maki duniya da lahira. In kuwa shi kika zaɓa, ki tafi. Ba zan tsine maki ba, amma bakina ba zai sa maki albarka ba."

Na fara bayanin an canja mini wani, ta juya fuska ta kalli bango.

Na ga matan da ciwon ya dawo musu. Mun zauna layi ɗaya da su a asibiti, na ga yadda yake komawa ƙashin baya da huhu, na ji irin nishin da suke yi. Ina tsoron wannan mutuwar ƙwarai. Ina kuma tsoron in tsaya gaban Allah da jinin bakin uwata a hannuna ba ta yafe ba. Na duba na ga ba wanda zan iya bari a cikin biyun. Na buɗe jaka na fito da ragowar katin tsohuwar ƙwayar, na ajiye a gabanta.

"Na daina shan magani, Iya."

"Ki ce wallahi."

Na ce wallahi.

Ta kira ƙanwata ta ce a jefa katin a masai. Sannan ta ɗora tafinta a kaina, a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta yafe, ta yi ta sa mini albarka. Na yi kuka sosai, rabinsa na daɗi, rabinsa na san abin da na aikata.

Sabuwar ƙwayar a makaranta na ajiye ta, cikin aljihun teburina, ƙarƙashin kwalin alli. Kullum kafin a buga ƙararrawa in haɗiye. Ranar Juma'a in tafi da katin gida saboda Asabar da Lahadi, in ɓoye a gwangwanin shayi. Maigidana ya sani, bai taɓa ɗaga maganar ba. Ita sabuwar ta fi tausayi. Yatsuna suka saki, zafin ya ragu zuwa sau biyu ko uku a yini. Fushin bai tafi ba, amma na koyi tashi in bar wuri in na ji shi tafe, in tafi da ƙafa har bakin gonakin Bomo in dawo. Na yi ƙiba, gashina ya fito. Iya ta ga haka ta ce ai ga shi nan. Ta bar jan gaɓoɓin mutane tun daga kaina, amma ta samu sabon wa'azi, duk wanda ya shigo sai ya ji yadda ta raba 'yarta da maganin asibiti ta warke. Ina ji, ina murmushi, ina cin tuwona. Shekara ɗaya da rabi muka yi a haka, kuma ban taɓa jin daɗin zama da uwata irin na wannan lokacin ba.

Wata Juma'a na taso daga makaranta na wuce gaishe ta. Na tarar da baƙuwa a ɗakin, matar wani tela da ke layin bayanmu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, Iya ce ta yi mata wankan jegon 'ya'yanta huɗu. Kallo ɗaya na yi mata na gane. Ɗankwalin ya kwanta a kai ba tudun gashi, rigar ta faɗa a gefe ɗaya. Tana murza gwiwa da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da katin magani irin nawa na farko.

Iya ta ce, "Yauwa, ga ta nan. Dube ta da kyau. Shekara ɗaya da rabi ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba. Kin ga alamar ciwo a jikinta? Ke, faɗa mata."

Matar ta juyo, idonta ya yi ja. Ta ce, "Anti, da gaske ne? Ni na gaji. Ƙafafuna ba sa ɗaukata zuwa coci. Jiya 'yata ta yi mini magana, wuƙa na ɗaga mata, Allah ne ya tsare. In kin ce kin daina kuma kina lafiya, yau ɗin nan zan zubar da shi."

Zafin ya taso mini daga ƙirji, gumi ya karyo. Ba sai na yi wata ƙaryar ba ma, gyaɗa kai kawai ya isa, in tashi da albarkata in tafi gida. Na dubi katin da ke hannunta, ko rabi ba ta sha ba. Autarta tana aji uku.

Na buɗe jakata, na fito da nawa katin, na ajiye a kan tabarma.

Na ce, "Ban taɓa dainawa ba, ko na kwana ɗaya. Canja mini aka yi. Ki koma wurin likitanki, ki faɗa masa komai, har wuƙar. Ki ce a gwada ƙashinki. Amma kada ki zubar."

Iya ta ɗauki katin. Ba ta iya karatun boko ba, sai ta bi ramukan da babu ƙwaya da babban yatsanta, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙarshe. Sannan ta ɗauke ni da mari. Tabarauna ya yi tsalle ya daki kwanukan jere, kunnena ya ɗauki ƙara. Ta ƙara mini a ɗaya kuncin, ta rarumi muciyar da ke jingine ta sauke mini a kafaɗa. Na ji hannayena suna motsi, na tura su ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu. Matar tana ihu, "Mama, don Allah! Mama, za ki karya ta!" Wannan kalmar ce ta tsayar da muciyar a sama.

Iya tana haki. Ta ce, "Kin rantse mani da Allah."

"Na rantse, Iya."

"Ashe albarkar sata kika yi ta ci."

Ta jefo mini katin a cinya, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Matar telan ta koma asibiti, muna haɗuwa a kasuwa wajen masu kayan miya, takan riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Na yi azumin kaffarar rantsuwata. Yanzu a gida nake shan ƙwayata, a fili, da ruwan shayi. Kowace Juma'a ina zuwa Sabon Gari in durƙusa a ƙofar ɗakin Iya in yi sallama. Takan amsa sallamar, don wannan haƙƙin Musulmi ne, daga nan ba ta ƙara ko kalma. Ba ta tsine mini ba, kamar yadda ta yi alkawari. Na aika malamin unguwa, na aika ƙanin mahaifina, amsarta ɗaya ce: ranar da na daina, in zo.

Saura wata goma sha tara in gama. Iya kuwa tun azumin bana ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, abinci ma sai an lallaɓa. Kullum da safe in na haɗiye ƙwayar, sai in tsaya da kofi a hannu ina lissafin wanda zai riga ƙarewa, watannin ko ita.